Gidan Zoo na Kano da wuraren tarihin da ke kewaye da shi

Gidan adana namun daji na Audu Baƙo, wanda Kanawa suka fi sani da Gidan Zoo, yana ɗaya daga cikin 'yan filayen da suka rage a tsakiyar birnin Kano inda mutum zai samu inuwar itatuwa da sararin zama ba tare da hayaniyar kasuwa ba.

Gidan yana kudu da tsohon birni, a wajen ganuwa, kusa da unguwar Gandun Albasa. Daga ƙofarsa zuwa fadar Sarkin Kano, da Gidan Makama, da karofin Ƙofar Mata, da kasuwar Kurmi, da Dutsen Dala, duk tafiya ce ta 'yan kilomitoci.

Waɗannan wurare sun bambanta a shekaru da kuma manufa, amma matsalarsu ɗaya ce: dukkansu suna zaune ne a kan ƙasar da darajarta ke ƙaruwa kullum, a cikin birnin da jama'arsa ke ninkuwa.

Asalin gidan

An ƙirƙiro jihar Kano ne a ranar 27 ga watan Mayun 1967, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta raba Nijeriya zuwa jihohi 12. Gwamnanta na farko shi ne Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo, wanda ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975.

An fi tunawa da Audu Baƙo a kan ayyukan ruwa da noma. A zamaninsa ne aka gina madatsar ruwa ta Bagauda da kuma ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, kuma ita ce ke shayar da dubban kadadar noman rani a yankin Kadawa da Kura.

Gidan Zoo ma daga cikin ayyukan wannan zamani ya fito. An kafa shi a farkon shekarun 1970 a kan fili mai faɗin fiye da hekta 40, a lokacin da wannan ɓangare na Kano yake bakin gari, gonaki da lambuna suka fi gidaje yawa. Daga baya aka sanya masa sunan gwamnan, wanda ya rasu a 1980.

Gidan mallakar gwamnatin jiha ne, kuma hukumar da ke kula da shi ita ce ke da alhakin kula da dabbobin dawa na jihar, ciki har da na dajin Falgore da ke kudancin Kano a kan hanyar Jos.

Abin da ke ciki

Cikin dabbobin da aka san gidan da su a tsawon shekaru akwai zaki, da kura, da giwa, da raƙumin dawa, da jimina, da kada, da mesa, da barewa, da birai iri-iri. Yawansu yakan ƙaru ko ya ragu gwargwadon kuɗin da aka ware don sayo sababbi da kuma ciyar da waɗanda ke nan.

Ga yaro ɗan birni, nan ne wurin da zai fara ganin dabbobin da ya saba ji a tatsuniya. Kura da zaki da giwa sun cika labaran da kakanni ke ba jikoki, amma noma da farauta da saran itace sun kore su daga mafi yawan dazuzzukan ƙasar Hausa tun da daɗewa. Wannan ne ya sa makarantun firamare da na Islamiyya kan kai ɗalibansu ziyara.

To sai dai kejin dabbobi wani ɓangare ne kawai na filin. Sauran duk itatuwa ne, irin su darbejiya da maɗaci da mangwaro, waɗanda suka shafe kusan rabin ƙarni suna girma. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi a Kano kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, bambancin da ke tsakanin kwalta da ƙarƙashin waɗannan itatuwa ba ya buƙatar ma'auni.

Masana muhalli kan yi bayanin cewa irin wannan fili yana da amfani uku ga birni: yana rage zafi, yana tare ƙurar hunturu da hayaƙin motoci, sannan yana shanye ruwan sama wanda da a kan siminti ya sauka da ya bi kwata ya shiga gidaje.

Lokacin Sallah

Gidan ya fi cika a kwanakin ƙaramar Sallah da babbar Sallah. Iyaye kan kai 'ya'yansu cikin sababbin kaya, samari da 'yan mata kan zo daga unguwannin birni da kuma garuruwan da ke kewaye, masu ɗaukar hoto da masu sayar da abinci da ruwan sanyi su ma su samu nasu rabon.

Dalilin wannan cika a fili yake. Kuɗin shiga bai fi ƙarfin talaka ba idan aka kwatanta da wuraren wasan yara na 'yan kasuwa, kuma wuri ne da magidanci zai kai iyalinsa ba tare da jin nauyi ba. Kuɗin da ake tarawa a waɗannan kwanaki kaɗan yana daga cikin mafi yawan abin da gidan ke samu a shekara.

Abubuwa biyu a 2019

A shekarar 2019 sunan gidan ya shiga kafofin watsa labarai na duniya har sau biyu.

Na farko a watan Yuni ne, bayan ƙaramar Sallah, lokacin da aka nemi kuɗin shiga kimanin Naira miliyan 6.8 aka rasa. Labari ya bazu cewa goggon biri ne ya haɗiye kuɗin. Gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya musanta haka, inda ya ce babu irin wannan dabba ma a gidan, kuma ya ba da umarnin a yi bincike.

Na biyu a watan Oktoba ne, lokacin da wani zaki ya kuɓuce daga hannun masu kula da shi. An rufe gidan, mazauna unguwannin da ke kusa suka kwana cikin fargaba, kafin a samu mayar da shi keji bayan kusan kwana biyu. Zakin bai fita daga harabar gidan ba, amma lamarin ya tuna wa jama'a cewa katanga ɗaya ce tsakanin namun daji da gidajen mutane.

Batun tayar da gidan

A shekarar 2020 gwamnatin jihar ta bayyana shirin mayar da gidan zuwa Tiga, a ƙaramar hukumar Bebeji. Hujjarta ita ce gari ya riga ya kewaye wurin, hayaniya na damun dabbobin, kuma zamansu a cikin jama'a yana da haɗari.

Masu adawa da shirin kuwa suka ce tambayar da ta fi muhimmanci ita ce abin da za a yi da filin bayan an kwashe dabbobin. Fargabarsu ita ce a yanka shi fuloti-fuloti a gina shaguna da gidaje, kamar yadda ya faru da wasu filayen gwamnati a birnin. Sun kuma yi nuni da cewa Tiga na da nisan kilomita masu yawa daga Kano, don haka iyalin da ke hawa adaidaita-sahu su je Gidan Zoo ba za su iya zuwa can ba.

Har gwamnatin ta sauka a 2023 ba a tayar da gidan ba.

Takaddamar dai wani ɓangare ne na babbar muhawara kan filayen jama'a a Kano. A watan Yunin 2023, jim kaɗan bayan hawansa mulki, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa an rushe gine-ginen da aka yi a wasu wurare, ciki har da shagunan filin Idi da kuma ginin da aka yi a tsohon otal ɗin Daula, bisa hujjar cewa filayen na al'umma ne. Waɗanda suka yi asarar dukiya sun garzaya kotu.

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna jihar Kano na da mutane kimanin miliyan 9.4, adadi mafi yawa a ƙasar a wancan lissafi, kuma babban kaso na zaune ne a cikin birni da kewayensa.

Titin Gidan Zoo

Titin da ya ɗauki sunan gidan ya tashi ne daga mahaɗar Dangi a kan hanyar Zariya ya nufi wajen Ƙofar Ɗan Agundi. A yau yana cikin titunan da suka fi hada-hada a Kano.

A kansa ne filin baje koli na Kano yake, haka nan babban rukunin shaguna na Ado Bayero da aka buɗe a 2014. Titin ya kuma yi suna a matsayin matattarar masu shirya finafinan Hausa, domin ofisoshin furodusoshi da ɗakunan tace hoto da na ɗaukar waƙa na Kannywood da dama a nan suka kafu.

Wannan bunƙasa ita ce ta ɗaga darajar kowane taku na ƙasa a yankin.

Ganuwa da ƙofofi

Wanda ya bar Gidan Zoo ya nufi cikin gari, abin da zai fara cin karo da shi shi ne ragowar ganuwa, wadda Kanawa ke kira badala.

Kundin tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara gina ta. An faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, aka sake ƙara ta a ƙarni na 17 a zamanin Muhammadu Nazaki.

Lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano a farkon watan Fabrairun 1903, Lugga ya rubuta cewa tsayin ganuwar ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi kuma kimanin ƙafa 40. Sarki Alu ba ya gari a ranar, yana kan tafiyar Sakkwato, kuma ta Ƙofar Kabuga sojojin suka kutsa.

Ganuwa gini ce ta ƙasa, kuma a da kowace shekara bayan damina akan tara jama'a a yi mata yaɓe. Da wannan al'ada ta mutu sai ruwan sama ya shiga cin ta, masu gini suka riƙa ɗibar ƙasarta, wasu kuma suka kafa gidaje da shaguna a kanta. Yawancin ƙofofin da ake gani yanzu, kamar Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Na'isa da Sabuwar Ƙofa, an sake gina su ne ko an faɗaɗa su domin motoci su wuce.

A 2007 Nijeriya ta sanya ganuwar, tare da Dala da Kurmi da fadar sarki, a jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Wannan jerin share fage ne kawai.

Gidan Makama da Gidan Rumfa

Gidan Makama yana kusa da ƙofar kudu ta fadar sarki. Ana danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda aka ce ya zauna a ciki kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Yanzu gidan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa.

A cikinsa akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi irin su sulke da lifidi, da kayan sana'o'in gargajiya, da hotunan Kano na farkon zamanin Turawa. Ginin kansa darasi ne, domin ɗaurin gugan da ke rufin zaurukansa yana nuna yadda magina suka iya rufe ɗaki mai faɗi da azara da ƙasa kawai.

Gidan Rumfa, wato fadar sarki, an gina shi ne a zamanin Rumfa, wanda ya yi mulki har zuwa 1499. A wannan zamani ne Shehu Muhammad al-Maghili ya zo Kano daga ƙasar Tilimsan ta Aljeriya, ya rubuta wa sarkin nasiha a kan yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Sarakunan Fulani da suka biyo bayan jihadi a farkon ƙarni na 19 sun ci gaba da zama a gidan.

Dab da fadar akwai babban masallacin Juma'a, wanda ginin da ake gani yanzu aka yi shi a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a farkon shekarun 1950.

A wannan fili ne ake hawan Sallah da hawan Daushe. A watan Disambar 2024 UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano a jerin al'adun bil'adama da ya kamata a kiyaye. Sai dai a 2024 da 2025 'yan sanda sun hana gudanar da wasu daga cikin hawan saboda takaddamar da ake yi kan sarautar Kano.

Karofin Ƙofar Mata

Ana danganta kafuwar karofin Ƙofar Mata da shekarar 1498. Ramuka ne masu zurfi da aka dalaye cikinsu, inda marina ke haɗa ruwa da baba da toka su bar shi ya yi kwanaki har ya nuna.

Ana tsoma yadi a ciro shi ya sha iska, a sake tsomawa, domin iska ce ke fito da launin shuɗi. Gwargwadon yawan tsomawa, gwargwadon duhun launin. Mata ne kan yi ɗaurin da ke fitar da zane a jikin yadin kafin a kai shi karofi, bayan an gama kuma a kai wa masu bugu su buga shi da tabarya a kan gungume har ya yi ƙyalli.

Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa saƙa da rini su ne ginshiƙin arzikin birnin, kuma tufafin Kano na kaiwa har Tambutu da Tarabulus. A yau ramuka da yawa sun daina aiki, saboda yadin da ake shigowa da shi daga waje da kuma rinin zamani sun fi arha.

Kurmi da Dala

Kasuwar Kurmi ma Rumfa ne ya kafa ta, kuma ita ce zangon fataken da ke ratso Sahara da gishiri da kayan Arewacin Afirka, su koma da fata da tufafi da goro, a wancan zamani har da bayi. Manyan harkoki sun koma Kantin Kwari da Sabon Gari da Dawanau, amma har yanzu a Kurmi ake neman kayan doki, da aikin dukanci, da turare, da littattafan addini.

Dutsen Dala, mai tsayin mita 534 daga doron teku, shi ne tushen garin. Binciken masana ya gano alamun narkar da ƙarfe a gindinsa tun wajen ƙarni na 7. Labarin Barbushe da Tsumburbura a nan ya faru, kafin zuwan Bagauda a 999 kamar yadda kundin tarihin Kano ya kawo.

Daga saman dutsen ana ganin birnin gaba ɗaya, ana kuma ganin yadda gidaje suka matso har gindinsa, da yadda aka cike kududdufai da dama da a da suke karɓar ruwan damina.

Gidan Ɗan Hausa

A gabas da tsohon birni, a unguwar Nasarawa, akwai Gidan Ɗan Hausa. Nan ne Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan da ya yi wa Ingila aiki, ya zauna. Ƙwarewarsa a harshen ce ta sa aka yi masa laƙabi da Ɗan Hausa. A 1909 ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewacin Nijeriya, kuma gidan yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano.

Misali daga Faransa

Wasu garuruwan duniya sun mayar da irin waɗannan wurare hanyar samun kuɗi. Garin Beaune da ke yankin Bourgogne a gabashin Faransa, cibiyar noman inabin da ake yin giya da shi, mutanensa ba su wuce kimanin 20,000 ba.

Garin ya riƙe babban ɓangare na ganuwarsa, da wani asibitin marasa galihu da aka kafa a 1443 wanda yanzu gidan tarihi ne, da kuma wani ƙaramin lambun shaƙatawa mai tafki a bakin gari, inda gonakin inabi suka fara. A 2015 UNESCO ta sanya gonakin yankin da garin a jerin kayan tarihi na duniya, kuma baƙi na zuwa daga ƙasashe daban-daban.

Akwai bambanci mai yawa, domin ganuwar Beaune ta dutse ce, kuma jama'ar garin ba sa ƙaruwa kamar na Kano. Abin da za a iya ɗauka daga misalin shi ne doka ta hana taɓa wuraren, kuma ana kashe kuɗin gyara a kai a kai.

Ga mai zuwa daga yamma

Mutanen yammacin jihar, daga Gwarzo da garuruwanta irin su Getso da Kara da Kutama, ko daga Kabo da Garo da Godiya, kan shigo Kano ne ta hanyar Gwarzo. Hanyar ta bi ta Rimin Gado da Janguza, ta wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ta iso Kabuga.

Daga nan Goron Dutse da Dala suna hannun hagu, titin da ya bi gefen badala ta tsohon mazaunin jami'ar kuma shi ke kai mutum Ɗan Agundi da Gidan Zoo. Wanda ya yi sammako zai iya ganin Dala da Kurmi da Gidan Makama kafin azahar, ya huta a inuwar Gidan Zoo da la'asar, ya koma gida a ranar.

Yankin yamman shi ma yana da nasa wuraren. Akwai ƙananan madatsun ruwa na Guzu-Guzu da Magaga da Pada a ƙasar Kabo da Gwarzo, sannan ga babbar madatsar Challawa a Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, mai ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. An gina su ne don noman rani da ruwan sha da kamun kifi, kuma daga kogin Challawa ne wani kaso na ruwan famfon birnin Kano ke fitowa.

Har yanzu akwai sarari da itatuwa a bakin waɗannan madatsu, kamar yadda Gandun Albasa yake a lokacin da Audu Baƙo ya keɓe filin Gidan Zoo. Da ba a keɓe filin a wancan lokaci ba, da wuya a samu hekta 40 babu gini a tsakiyar Kano a yau.